Tsananin hukunci ko tabbacin kamu: abin da masana laifuka suka gano game da fyaɗe

A watan Disambar 2012 wasu mutum shida suka yi wa wata ɗaliba 'yar shekara 23 fyaɗe a cikin motar bas a birnin Delhi, suka ji mata raunukan da suka zama ajalinta bayan kusan mako biyu. Indiya ta ɗauki zafi. Jama'a suka cika tituna, kuma kiran da ya fi kowane amo shi ne a rataye su. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon babban jojin ƙasar, J. S. Verma, wanda ya miƙa rahotonsa a Janairun 2013. Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne kwamitin ya ƙi ba da shawarar hukuncin kisa. Ya fi mayar da hankali kan sakacin 'yan sanda, da wulaƙancin da mace ke sha idan ta je kai ƙara, da jan ƙafar da shari'a ke yi. Majalisa kuwa muryar titi ta fi ji. Dokar 2013 ta tanadi kisa ga wanda ya maimaita laifin, ko wanda fyaɗensa ya yi sanadin mutuwar wadda ya yi wa, sannan a 2018 aka ƙara da wanda ya yi wa yarinyar da ba ta kai shekara 12 ba. A Maris ɗin 2020 aka rataye huɗu daga cikin mutanen nan. A 2021 da 2022, ƙarar fyaɗe da 'yan sandan Indiya suka rubuta ta haura 31,000 kowace shekara, alhali a 2012 ba ta kai 25,000 ba.

Mai adawa da hukuncin kisa zai yi wuf ya ce ga shi nan, dokar ba ta tsinana komai ba. Mai goyon baya zai ce ina, mata ne suka samu ƙwarin gwiwar fitowa su yi magana. Gaskiyar ita ce waɗannan alƙaluma ba su isa su raba gardamar ba, domin littafin 'yan sanda ƙarar da aka kai yake ƙidayawa, ba laifin da aka aikata ba. A satar mota tazarar ba ta da yawa, tunda wanda aka yi wa sata ba shi da abin ɓoyewa. A fyaɗe kuwa, abin da ke zuwa gaban hukuma ɗan gutsure ne.

Shi ya sa masu binciken laifuka suka koma tambayar mutane kai tsaye, a ɓoye sunansu. A binciken da hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ke yi a Ingila da Wales, an gano cewa a cikin matan da aka yi wa fyaɗe, waɗanda ke kai maganar wurin 'yan sanda ba su kai ɗaya cikin shida ba. Ita kanta tambayar tana da nata sirrin. A 1987 Mary Koss ta wallafa binciken da ta yi a kan ɗalibai fiye da 6,000 a manyan makarantu 32 na Amurka. Maimakon ta ce "an taɓa yi miki fyaɗe?", sai ta riƙa bayyana aikin dalla-dalla: ko wani ya taɓa danne ki da ƙarfi, ko ya yi miki barazana har ya samu abin da yake so. A cikin matan da abin da ya same su ya cika sharuɗɗan fyaɗe a doka, kashi 27 cikin ɗari ne kacal suka ɗauke shi a matsayin fyaɗe. Sauran sun san an cuce su, amma tunda wanda ya yi mutumin da suka sani ne, ba su ba abin sunansa ba. Da irin wannan salon tambaya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya, wato kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i daga abokin zamanta, ko cin zarafin jima'i daga wani daban. A 2024 kuma UNICEF ta ce mata da 'yan mata fiye da miliyan 370 da ke raye yau an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu tun ba su kai shekara 18 ba.

Tsohuwar maganar Beccaria

Tun a 1764 wani masani ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta cewa abin da ya fi taka wa mai laifi burki shi ne tabbacin hukunci zai same shi, ko da hukuncin matsakaici ne, ba tsoron wani gagarumin hukunci da yake sa ran zai kuɓuce masa ba. A zamaninsa hasashe ne kawai. Bayan shekara ɗari biyu da hamsin, Daniel Nagin na jami'ar Carnegie Mellon ya tattara binciken da aka yi shekara da shekaru, ya ce a 2013 hujjar ta fi karkata ga Beccaria, har ma ya ƙara fayyace ta: tabbacin kamu shi ne ke aiki, fiye da tsawon ɗaurin da zai biyo baya. Shi ne kuma ya jagoranci kwamitin majalisar bincike ta Amurka da ya duba batun hukuncin kisa a 2012, wanda ya yanke cewa binciken da ake da shi bai isa ya nuna ko hukuncin yana rage kisan kai, ko yana ƙara shi, ko ba ya sauya komai ba.

Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. Yawancin masu aikata laifi ba su san shekarun da doka ta yanke wa laifinsu ba, kuma ko sun sani, tambayar da ke ransu a lokacin ita ce "za a kama ni?". Idan amsar ita ce da wuya, to bambancin shekara 14 da ɗaurin rai da rai magana ce ta takarda.

Ya kamata a yi wa masu neman tsanantawa adalci a nan. Hukunci ba don izina kaɗai ake yinsa ba. Akwai sakayya ga wadda aka zalunta, akwai nuna cewa al'umma ta ƙyamaci abin, akwai kuma killace mugu don kada ya sake. Waɗannan batutuwa ne na aƙida da lamiri, ƙididdiga ba ta da hurumin yanke su. Abin da bincike zai iya amsawa guda ɗaya ne: shin ƙara tsanani yana rage yawan waɗanda za a yi wa? Kuma wannan shi ne alƙawarin da 'yan siyasa kan yi duk lokacin da suka kawo sabuwar doka.

To, yaya tabbacin kamu yake a laifin fyaɗe? A Ingila da Wales, inda mafi girman hukuncin fyaɗe shi ne ɗaurin rai da rai, 'yan sanda sun karɓi ƙara kusan 55,000 a shekarar da ta ƙare a Maris ɗin 2020. Waɗanda suka kai ga tuhuma a wannan lokacin ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba. Tuhuma fa, ba samun laifi ba. Idan aka haɗa da biyar cikin shida da ba su kai ƙara ba tun farko, sai a ga cewa mai fyaɗe a ƙasar da ke da 'yan sanda masu kayan aiki da ɗakunan gwaji na zamani kusan ya san zai sha. A Yunin 2021 gwamnatin Birtaniya ta fitar da rahoto a kan lamarin, ministocinta suka ba da haƙuri, suka ce abin ya ba su kunya. Rahoton ya nuna cewa fiye da rabin masu ƙara suna janyewa da kansu a hanya. Wasu sun gaji da jiran shekaru, wasu kuma an buƙaci su miƙa wayarsu a bi saƙonninsu kaf, har suka fara jin kamar su ake tuhuma.

Akwai wani abin da ke sa tsanantawa ta iya yin kwan gaba kwan baya. Hoton da mutane ke da shi na mai fyaɗe shi ne baƙo da ya laɓe a duhu. Alƙaluman Indiya kansu sun nuna cewa a fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙararrakin, wadda aka yi wa ta san mutumin: maƙwabci ne, ko ɗan'uwa, ko saurayi, ko wanda take aiki a ƙarƙashinsa. Haka abin yake kusan ko'ina aka bincika, musamman ga yara. Yarinyar da kawunta ya lalata, idan dangi suka san kai ƙara na nufin igiyar rataya a wuyansa, matsin da za ta sha na a rufa asiri sai ya ninka. Alƙali ma yakan ƙara ɗari-ɗari wajen samun mutum da laifi idan ya san rai ne a hannunsa. Ƙungiyoyin mata da dama a Indiya sun kawo wata fargabar: idan hukuncin fyaɗe da na kisa suka zama ɗaya, mai laifi ba shi da abin da zai ƙara rasawa idan ya kashe shaidarsa guda tilo.

Inda ƙara ke mutuwa

Yawancin ƙararraki ba a kotu suke faɗuwa ba, a teburin ɗan sandan farko suke mutuwa, kuma zato biyu ne ke kashe su.

Na farko shi ne cewa wadda aka yi wa da gaske za ta yi kokawa, ta yi ihu, a ga shaidar rauni a jikinta. A 2017 wasu likitoci a birnin Stockholm suka wallafa binciken da suka yi a kan mata 298 da suka je asibiti bayan an yi musu fyaɗe. Kashi 70 cikin ɗari sun ce jikinsu ya sandare a lokacin, sun kasa motsi, sun kasa magana. Wannan ba yarda ba ce, martani ne da jiki ke yi da kansa idan firgici ya kai maƙura. Ɗan sandan da bai san haka ba zai rubuta cewa ba ta yi turjiya ba, daga nan kuma fayil ya fara sanyi.

Na biyu shi ne cewa mata ƙage suke yi. Ƙage yana faruwa, kuma wanda aka yi wa sharri ya ga tashin hankalin da ba ya mantuwa, babu mai hankalin da zai raina wannan. Amma da masu bincike suka bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya, adadin da suka samu ƙarami ne. David Lisak da abokan aikinsa sun duba ƙararraki 136 da aka kai a wata jami'ar Amurka cikin shekara goma, suka samu takwas na ƙarya, kuma da suka haɗa da sauran bincike masu inganci sai suka ce adadin na tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari. Sauran ba wai duk an tabbatar da su ba ne, yawancinsu sun tsaya ne a tsakiya saboda ƙarancin hujja. Matsalar ita ce mai binciken da ya fara da zaton ƙarya ba zai je neman hujjar ba.

Daga nan ne aka samu shirin Soteria, wanda aka fara gwadawa a rundunar 'yan sandan yankin Avon da Somerset na Ingila a 2021 tare da masana irin su Betsy Stanko da Katrin Hohl, aka kuma faɗaɗa shi zuwa duk Ingila da Wales a 2023. Jigonsa abu ne da za ka ɗauka kowa ya sani: a binciki wanda ake zargi. Wane ne shi, an taɓa kawo ƙararsa, yaya ya zaɓo ta, yaya ya keɓe ta, me ya yi kafin abin da bayansa? A da an bar jaki ana dukan taiki, ana tonon rayuwar mai ƙara, shi kuwa a yi masa tambayoyin sa'a guda a sallame shi.

Niyya mai kyau, sakamako marar kyau

Darasi mafi ɗaci a wannan fanni shi ne cewa shirin da kowa ya yarda da shi yana iya zama banza, ko ma ya yi ɓarna. Shirin Scared Straight na Amurka, inda ake kai yara masu ƙiriniya gidan yari fursunoni su tsorata su, ya yi farin jini sosai. Da Anthony Petrosino da abokansa suka haɗa gwaje-gwaje tara da aka yi a kansa, sai ga shi yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. A Ingila ma an shafe shekaru fiye da ashirin ana gudanar da wani shirin gyaran hali na rukuni ga fursunonin da suka yi laifin jima'i. A 2017 binciken ma'aikatar shari'a ya nuna kashi 10 cikin ɗari na waɗanda suka shiga shirin sun sake laifin jima'i, a kan kashi 8 na takwarorinsu da ba su shiga ba. Aka soke shi. Wannan ba ya nufin gyaran hali ba ya yiwuwa, yana nufin sai an gwada kafin a yaba.

Rajistar masu laifin jima'i ma haka. Bayan wani maƙwabci da aka taɓa ɗaurewa kan irin wannan laifi ya kashe Megan Kanka 'yar shekara bakwai a jihar New Jersey a 1994, Amurka ta yi dokar da ta wajabta sanar da jama'a inda irin waɗannan mutane ke zaune. Ko wane uba zai ji dokar ta kwanta masa a rai. Sai dai wani bincike a jihar New York da ya duba kame na shekara 21 ya gano cewa fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda aka kama da laifin jima'i ba a taɓa samunsu da irinsa ba a baya, wato babu rajistar da za ta nuna su. Karl Hanson da Monique Bussière kuma sun tattara bincike 61 a 1998, suka ga kimanin kashi 13 cikin ɗari ne ake sake kamawa da laifin jima'i cikin shekara huɗu zuwa biyar. Adadin gaskiya ya fi haka, tunda ba duka ake kamawa ba, amma bai kai "duk sai sun sake" da ake faɗa ba. J. J. Prescott da Jonah Rockoff sun bambance abu biyu a 2011: rajistar da ke hannun 'yan sanda tana taimakawa, amma tallata suna da adireshi ga kowa yana iya ƙara maimaita laifi, domin wanda ya rasa aiki da muhalli da mai kula shi ba shi da sauran abin tsoron rasawa.

To me ke aiki? A 2014 masu bincike a cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ƙarƙashin Sarah DeGue, suka duba rahotanni 140 na shirye-shiryen hana cin zarafin jima'i. Uku kacal suka nuna ingantacciyar hujjar rage aikata laifin. Mafi yawan sauran laccar sa'a ɗaya ce ko biyu, irin ta wayar da kai, wadda ke sauya amsar da mutum zai bayar a takarda na ɗan lokaci, ba ta sauya abin da zai yi ba. Ɗaya daga cikin ukun ya fi ba ni sha'awa. A wani gwaji da ya ƙunshi makarantu 30 na birnin New York, a wasu daga cikinsu aka ba yara taswirar makarantarsu, aka ce su yi alama a wuraren da ba sa jin aminci, sai aka ƙara malamai masu sa ido a wuraren, aka kuma samar da hanyar raba yaron da ke takura wa wani da wanda yake takura wa. Cin zarafi ya ragu. A makarantun da aka tsaya ga darasin aji kawai, bai ragu ba. Wannan ya yi daidai da abin da Lawrence Cohen da Marcus Felson suka faɗa tun 1979, cewa laifi na aukuwa ne idan mai niyya ya haɗu da wanda zai cuta a inda babu mai tsawatarwa. Sauya zuciyar mai niyya aiki ne mai tsawo, amma samar da mai tsawatarwa ana iya yinsa gobe.

A Kanada kuma Charlene Senn ta gwada horon sa'a 12 ga 'yan matan da suka shiga jami'a: yadda za su gane haɗari daga mutumin da suka sani, yadda za su daina kokwanton abin da zuciyarsu ke gaya musu, da yadda za su kare kansu da baki da jiki. A gwajin da aka yi da mata 893, wanda aka wallafa a 2015, kashi 5.2 cikin ɗari na waɗanda suka samu horon aka yi wa fyaɗe cikin shekara guda, a kan kashi 9.8 na waɗanda aka ba takardun karantawa kawai. Wasu na sukar irin wannan shiri da cewa yana ɗora nauyin a kan mace. Sukar tana da gurbi, laifi dai na mai yi ne. Amma da wuya in ga hujjar hana mace abin da aka gwada aka ga ya rage haɗarinta da kusan rabi, don kawai ana jiran ranar da maza za su gyaru. An gwada makamancinsa ga 'yan makaranta a Nairobi, tare da nasu darasin ga samari, kuma a can ma an ga raguwa.

Duk da haka, ƙara tsanani shi ne abin da majalisu suka fi rugawa gare shi, kuma dalilin a bayyane yake. Sauya "shekara 14" zuwa "rai da rai" layi ɗaya ne a takarda, ba ya cin ko sisi a ranar da aka sa hannu, ga kuma kanun labarai. Tabbacin kamu kuwa kuɗi ne: horar da masu bincike, ɗakin gwaji, likitan da zai ɗauki samfuri cikin awanni, mai rakiyar da zai tsaya wa mai ƙara har ƙarshen shari'a, alƙalan da za su rage cunkoso.

A jihar Michigan ta Amurka, doka ta daɗe da tanadar ɗaurin da zai iya kai wa rai da rai ga fyaɗe mafi muni. A 2009 aka gano kwalaye 11,341 jibge a wani ɗakin ajiyar 'yan sandan birnin Detroit na jihar. Kowane kwali samfuri ne da aka ɗauka daga jikin wani mutum da ya je asibiti bayan an ci zarafinsa, ya jure awanni ana dube-dube, kuma mafi yawansu ba a taɓa kai su gwaji ba. Wasu tun shekarun 1980 suke nan. Rebecca Campbell ta jami'ar jihar Michigan ta bi rahotannin 'yan sandan, ta ga ba ƙarancin kuɗi da ma'aikata ne kaɗai ba: sau da yawa jami'in bai yarda da mai ƙarar ba ne, musamman idan budurwa ce ƙarama ko wadda ya zata karuwa ce. Da aka gwada samfuran, ƙwayar halittar da ke ciki ta nuna mutum fiye da 800 da ake zargin sun yi wa fiye da mutum ɗaya, kuma sawunsu ya kai jihohi kusan 40. Babbar mai gabatar da ƙara ta yankin, Kym Worthy, sai da ta haɗa da neman gudummawa daga 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata kafin a samu kuɗin kammala gwajin da bin shari'o'in.